Hukuncin da ake karantawa a ƙarshen shirin ƴan sandan hanya

Shirye-shiryen talabijin da ke bin ƴan sandan hanya na Ingila da kyamara suna da tsari guda wanda ba ya sauyawa, kuma duk wanda ya kalli kaɗan daga cikinsu a waya ya riga ya haddace shi. Mai ɗaukar hoto yana zaune a kujerar baya ta motar sintiri, jami'ai biyu suna gaba suna hirarsu, sai na'urar da ke karanta lambobin motoci ta yi tsuwa, alamar cewa motar da ta gifta ba ta da inshora ko kuma an kai rahoton sace ta. Nan take a kunna jiniya. Direban ya ƙi tsayawa, ya tsallake danja, ya bi hannun da ba nasa ba, ya kutsa cikin unguwa da gudun da ko a babbar hanya ya yi yawa. A can gaba wasu jami'an sun shimfiɗa tabarmar ƙusoshi da ke fasa tayoyi, ko kuma motoci uku su yi masa ƙawanya ta gaba da baya da gefe har ya tsaya dole. Idan ya buɗe ƙofa ya tsere da ƙafa, jirgi mai saukar ungulu yana sama da kyamarar da ke gano ɗumin jikin mutum cikin duhu, kare kuma yana ƙasa yana bin sawunsa, har a zaƙulo shi a bayan gidan wani yana haki.

Sannan sai minti na ƙarshe ya zo, wanda shi ne dalilin wannan rubutu. Murya tana karanta abin da ya faru da kowane ɗaya daga cikin waɗanda aka kama bayan an kai su gaban shari'a: wannan an ci shi tara an kuma hana shi tuƙi na shekara guda, wancan an yi masa ɗaurin je-ka-gyara-halinka tare da aikin gayya na wasu sa'o'i, na ukun kuwa an sake shi saboda shaidar da aka samu ba ta isa ba. A fadar da nake zama da dare a unguwar Zariya ta Maradi, inda matasa kan haɗa kai a kan waya ɗaya suna jiran shayi ya dahu, wannan mintin ne ke tayar da hayaniya. Wani ɗan kabu-kabu da ke zama da mu ya taɓa ajiye kofinsa ya dube ni ya ce, "Malam, don Allah shi ke nan? Duk wannan man da aka ƙona, da jirgin sama, da kare, a ce tara kawai?" Mutanen Ingila kansu tambayar da suke yi ke nan tun da aka fara irin waɗannan shirye-shiryen, wato tun lokacin da BBC ta fito da Traffic Cops a 2003, sannan tashar Channel 5 ta biyo da Police Interceptors a 2008. Mu da muke samun tashoshin Faransa ta Canal+ muna ganin irinsu da Faransanci, ana bin jandarmomi a manyan hanyoyi lokacin hutun bazara, kuma ƙarshensu kusan ɗaya ne.

Ina ganin tambayar tana da hujja, amma kafin a yanke wa alƙalan can hukuncin sakaci ya kamata a san abin da dokarsu ta ba su dama su yi. A Ingila, laifin tuƙin ganganci wanda bai kashe kowa ba kuma bai yi wa kowa mummunan rauni ba, iyakar ɗaurinsa shekara 2 ne, tare da hana tuƙi na aƙalla wata 12 da kuma tilasta wa mai laifin sake jarrabawar tuƙi mai tsanani kafin a mayar masa da lasisi. Wanda aka kama yana tuƙi alhali kotu ta hana shi, ba a ɗaure shi fiye da wata 6 a kan wannan laifin. Tuƙi babu inshora kuwa ana iya gama shi tun a bakin hanya da tarar fam 300, wato abin da ya haura jika 200 na kuɗinmu, da maki 6 a kan lasisi, kuma ƴan sanda suna da ikon ɗauke motar nan take. Wanda ya tara maki 12 cikin shekara 3 ana hana shi tuƙi na aƙalla wata 6. Saboda haka yaron da muka gani yana gudun tsiya a cikin unguwa, idan Allah ya tsare bai buge kowa ba, alƙali ba shi da hurumin ba shi shekara 10 ko da ransa ya so.

Daga wannan iyakar ma ana ragewa. Wanda ya amsa laifinsa tun zaman farko ana yafe masa har kashi ɗaya cikin uku na hukuncin, domin ya hutar da shaidu ya kuma rage wa kotu aiki. Yawancin ƙananan shari'o'i ba alƙalai masu albashi ke sauraron su ba, mutanen gari ne masu aikin sa kai da ke zama uku-uku, suna bin ma'aunin hukunci da wata hukuma ta rubuta, kuma tarar da suke ci tana tafiya ne da abin da mutum ke samu a mako, shi ya sa marar aikin yi kan fita da tarar da ke ba mai kallo dariya. Sai kuma maganar wuri. A watan Satumba na 2024 fursunonin Ingila da Wales sun haura 88,000, gidajen kaso suka cika maƙil, har gwamnati ta fara sakin wasu bayan sun yi kashi 40 cikin 100 na wa'adinsu maimakon rabi. Riƙe fursuna ɗaya yana cin kimanin fam 50,000 a shekara, kuma alƙaluman gwamnatinsu sun daɗe suna nuna cewa fiye da rabin waɗanda aka ɗaure ƙasa da wata 12 suna sake aikata laifi cikin shekara guda da fitowarsu. Alƙalin da ya san wannan duka, idan ya zaɓi ɗaurin je-ka-gyara-halinka, lissafi yake yi, ko da lissafin bai yi wa mai kallo daɗi ba.

Ba ina nufin babu sassauci na gaskiya ba. Wanda ya fi ba ni haushi a cikin shirin shi ne mutumin da jami'ai suka sani da suna tun kafin su leƙa tagar motarsa, wanda an hana shi tuƙi sau da yawa, kuma hukuncin da zai samu a ƙarshe shi ne a ƙara hana shi tuƙin da dama bai daina ba. Hana tuƙi hukunci ne mai nauyi a kan wanda ke mutunta doka, wanda ke da aikin da zai rasa da kuɗin inshorar da zai hau masa na shekaru. A kan wanda bai taɓa damuwa da lasisi ba kuwa, takarda ce kawai. A nan masu ƙorafi sun yi gaskiya, kuma majalisar dokokin ƙasar ta amsa musu ta wani ɓangaren a 2022, lokacin da ta ɗaga iyakar hukuncin wanda ya kashe rai da tuƙin ganganci daga shekara 14 zuwa ɗaurin rai da rai.

Akwai kuma abin da mai kallo ya kamata ya riƙa tunawa game da shirin kansa. Ana ɗaukar hoto na makonni domin a tace a fitar da abin da bai kai sa'a guda ba, kuma abin da ake zubarwa shi ne ainihin aikin: cike takardu, jira a gefen hanya cikin ruwan sama, rakiyar motar da ta lalace, ƙwanƙwasa ƙofar wani gida da tsakar dare domin a sanar da uwa cewa ɗanta ba zai dawo ba. Abin da ake bari shi ne gudu da ihu da ankwa. Masu shirin suna cikin motar ne da izinin ƴan sanda, kuma wanda ke cin abinci da izinin wani ba ya cika nuna aibinsa. A Amurka, inda shirin Cops ya fara tun 1989, hukumomin ƴan sanda suna da damar duba hotunan kafin a watsa su. Lamarin ya kai maƙura a jihar Texas a watan Maris na 2019, lokacin da jami'ai suka bi wani baƙar fata mai suna Javier Ambler saboda bai rage hasken fitilar motarsa ba, suka yi ta binsa fiye da minti 20, suka harbe shi da bindigar lantarki yana gaya musu cewa yana da ciwon zuciya kuma ba ya iya numfashi, har rai ya yi halinsa. Ma'aikatan wani shirin irinsa mai suna Live PD suna wurin da kyamararsu, ba a taɓa nuna hotunan ba, daga baya aka bayyana cewa an goge su. An dakatar da shirin a watan Yuni na 2020, kuma a 2021 jihar ta kafa dokar da ta hana ƴan sandanta ƙulla yarjejeniya da masu irin waɗannan shirye-shiryen. Kyamarar da ake cewa tana sa jami'i ya kiyaye, tana kuma iya sa shi ya bi motar da bai kamata ya bi ba domin a ga bajintarsa.

To, duk wannan maganar wata ƙasa ce. Abin da ya fi damuna shi ne mu da muke zaune a Maradi muna yi wa alƙalin Ingila tsiya, alhali laifi tudu ne. A Birtaniya mutanen da ke mutuwa a haɗarin hanya a shekarun nan suna tsakanin 1,600 da 1,700 a shekara, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 60 kuma yawancin gidaje suna da mota. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya kowace shekara a duniya, kuma Afirka, wadda ba ta da fiye da kashi 3 cikin 100 na motocin duniya, ita ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin biyar na waɗannan mace-macen. Ba sai an kawo mana alƙaluma daga waje ba ma. Duk wanda ke bin babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Dosso da Ƙonni da Gidan Rumji, ta wuce mu zuwa Cadawa da Tasawa da Damagaram, ya san gawarwakin motocin da ke kwance a gefenta, kuma duk wanda ke bin hanyar Ɗan Isa ranar kasuwa ya san yadda ake loda wa ƙaramar mota kaya har bayanta ya kusa taɓa kwalta, sannan a ɗora mutane a kan kayan.

Ku ɗauki laifuffukan da ake kama mutane a kansu a cikin shirin, ku fito da su titin babbar kasuwa da hantsi. Tuƙi babu lasisi: yara nawa ne ke jan adaidaita da babur waɗanda ba su taɓa zama gaban mai jarrabawa ba, wasunsu ƙafarsu da ƙyar take kai ƙasa? Tuƙi cikin maye: a can tun 2015 jami'i yana da ɗan tsinken da ake goga wa direba a baki a gane ko ya sha wiwi ko hodar ibilis, a nan kowa ya san abin da tramol ke yi wa wasu masu tuƙin dare, kuma babu wanda ke auna su. Hular kwano, ɗamarar kujera, fitilar baya da ta mutu tun bara, iyali guda a kan babur ɗaya da jariri a goye. Idan an tare mutum a shinge, sau da yawa maganar ba ta wuce tsawon gaisuwa ba. Direba ya sauko da takardu a hannu, ya zagaya bayan mota, ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, permin yana gida," sannan ya dawo ya tayar da mota, fasinjoji kuma babu wanda ya tambayi abin da aka naɗe a cikin takardun. Ba duka jami'ai ke yin haka ba, na ga waɗanda suka ƙi karɓa suka rubuta tara suka ba da rasit, kuma na ga yadda fasinjojin da ya kamata su gode musu suka yi ta tsine musu saboda sun ɓata musu lokaci. Sassaucinmu yana faruwa tun kafin a isa ƙofar kotu, babu rubutu, babu maki, babu abin da zai bi mutum zuwa shinge na gaba.

Inda abin ya fi nauyi shi ne idan an rasa rai. Na halarci zaman makokin wani magidanci da mota ta buge shi yana tsallaka kwalta bayan sallar isha'i, a kan idon mutanen da suka shaida cewa direban yana gudu kuma fitilarsa ɗaya ce. Ranar addu'ar uku sai ga dangin direban sun zo da limamin unguwarsu da buhun shinkafa da goro, suka tsuguna a gaban yayan mamacin. Babbansu ya ce, "Baba, mun zo ne da ƙoƙon bara. Yaron nan tun da abin ya faru bai iya cin abinci ba." Tsohon ya yi shiru yana jan casbi, jama'a sun zuba masa ido, sannan ya ce, "Kwanansa ne ya ƙare. Mun yafe duniya da lahira. Ku je ku gaya wa hukuma ba mu da magana." Aka shafa fatiha, kowa yana yaba girman zuciyarsa. Matar mamacin tana cikin gida a takaba da ƴaƴa ƙanana, babu wanda ya leƙa ya tambaye ta, kuma kafin ta fita takaba direban ya koma kan hanya da motarsa.

Ba na raina yafiya, kuma na san irin rigimar da take kashewa tsakanin zuri'o'in da za su ci gaba da zama a gari ɗaya. Amma addinin da muke jinginawa da shi bai bar kisan kuskure haka siddan ba. Aya ta 92 a cikin suratun Nisa'i ta ɗora wa wanda ya kashe mumini bisa kuskure diyyar da zai miƙa wa iyalansa, sai dai idan su suka yi sadaka da ita, ta kuma ɗora masa kaffara, wadda ga wanda bai samu abin ƴantawa ba ita ce azumin wata biyu a jere. Diyya haƙƙin magada ce, kuma malamai sun yi bayani cewa babba ba shi da ikon yafe rabon maraya ƙarami. Yayan mamaci, idan akwai ƴaƴa maza, ba ya ma cikin masu gado, amma shi ake tsugunawa a gabansa saboda shi ne babba kuma shi zai ji kunyar cewa a'a a gaban jama'a. Bayan haka akwai haƙƙin sauran masu bin hanya, wanda babu wani dangi da zai iya yafe shi a madadinsu. Direban da ya kashe mutum da gudu da fitila ɗaya, ko an yafe masa jini, tambayar ko ya cancanci ya sake riƙe sitiyari tana nan, kuma hukuma ce kaɗai za ta iya amsa ta. Cewa ƙaddara ce gaskiya ne, amma da ƙaddarar ake ɗaure raƙumi.

Kada kuma wani ya ɗauka mu mutane ne masu taushin hukunci a kowane hali. A garin da aka yafe wa direba rai cikin kwana uku, yaron da ya fizge waya a kasuwa idan aka yi masa ihun ɓarawo sai ya gode wa Allah idan ƴan sanda suka iso da wuri, domin su ne za su ƙwace shi daga hannun jama'a. A gidajen kasonmu kuma fiye da rabin waɗanda ke tsare ba a yanke musu hukunci ba tukuna, jiran shari'a suke yi, wasu har su zarce wa'adin da za a ba su da an same su da laifin. Wanda ke da mota yana da ubangida, yana da ƙungiyar direbobi, yana da wanda zai yi masa waya. Wanda ya saci akuya ba shi da kowa. Tsananinmu da sassaucinmu duka suna nan da yawa, sai dai ba nauyin laifi ke raba su ba, nauyin mai laifin ke raba su.

Mutanenmu suna cewa gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, kuma a kan wannan ne masu neman a tsananta hukunci suke kafa hujja. Sai dai abin da ake gani ga wane ɗin ya danganta da ko ana kama wane. Tun a 1764 wani masanin shari'a ɗan Italiya, Cesare Beccaria, ya rubuta cewa tabbacin hukunci, ko da mai sauƙi ne, ya fi hana laifi a kan hukunci mai tsanani da ake fatan tsallakewa, kuma binciken da aka yi ta yi bayansa ya fi karkata ga ra'ayinsa. Tarihin hanyoyin Birtaniya ya nuna haka ƙarara. A 1966 mutum kusan 8,000 suka mutu a hanyoyinsu, lokacin da motoci ba su kai rabin na yau ba. A 1967 aka kawo na'urar busawa da ke auna giya a numfashin direba, a 1973 aka wajabta hular kwano ga masu babur, a 1983 aka wajabta ɗamarar kujerar gaba, daga baya kyamarorin auna gudu suka bazu, aka gyara mahaɗun hanyoyi, motocin kansu suka ƙara inganci, motar asibiti ta riƙa isowa da wuri. Ɗaurin rai da rai bai zo ba sai bayan mace-macen sun riga sun ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin biyar na yadda suke. Direban can ba shekarun kaso yake tsoro ba, abin da ya sani shi ne lambar motarsa tana cikin kwamfuta, kyamara ba ta karɓar gaisuwa, kuma wasiƙar tara za ta same shi har gida.

Mu kuwa mun saba da doka mai zuwa kamar ruwan bazara. A sanar a rediyo cewa daga ranar kaza duk wanda aka gani babu hular kwano za a kama babur ɗinsa, farashin hula ya tashi a kasuwa, a cika harabar ofis da babura, masu su suna zarya da ƴan uwansu masu faɗa a ji. Kafin wata ya zagayo hulunan sun koma rataye a madubi, sannan su koma ƙarƙashin gado. Ɗan kabu-kabu ya koyi darasi daga wannan, amma darasin da ya koya shi ne ya yi haƙuri har guguwar ta wuce.

Muna da namu shirin ƴan sandan ma, ko da ba mu kira shi da wannan sunan ba. Ana jera waɗanda ake zargi a gaban manema labarai, an baza kayan da aka ce an kama su da su a kan tabarma, ƙullin ƙwayoyi da wayoyi da adduna, wani babban jami'i ya karanta jawabi, a nuna a labaran dare. A WhatsApp da TikTok kuma bidiyon ɓarawon babur da aka ɗaure da igiya yana zagaya gari kafin a kai shi ofis, fuskarsa a fili, ana tambayarsa sunan unguwarsu da na mahaifinsa. Duk waɗannan suna tsayawa ne a daidai inda aka kama mutum. Ban taɓa ganin an dawo bayan wata shida an ce wane da muka nuna muku an ɗaure shi shekara kaza, wane kuma kotu ta wanke shi ba. Wanda aka wanke yana ci gaba da yawo da sunan ɓarawo, wanda aka saki ta bayan fage kuma sai dai maƙwabta su gan shi a bakin shago su yi gunaguni. Shirin Ingila, duk da tacewarsa da son zuciyarsa, yana rufe fuskar wasu daga cikin waɗanda ya ɗauka, kuma yana dawowa ya faɗi ƙarshen maganar ko da ƙarshen zai kunyata ƴan sandan da suka ƙona man.

Wannan mintin da ke ba mu haushi shi ne abin da ba mu da shi. Mutumin Ingila yana iya fushi da hukuncin saboda an gaya masa hukuncin, kuma fushin nasa yana da ƙofar shiga: a kan wasu manyan laifuffuka, kowane mutum, ko da ba shi da alaƙa da shari'ar, yana iya rubuta wa babban lauyan gwamnati cikin kwana 28 ya ce hukuncin ya yi sauƙi fiye da kima, shi kuma ya duba ko zai miƙa shi kotun ɗaukaka ƙara domin a ƙara. Dokar 2022 da ta tsananta hukuncin kisa da mota ta fito ne bayan shekaru da iyalan waɗanda aka kashe suka yi suna kai kuka majalisa, suna riƙe da hotunan ƴaƴansu da adadin watannin da aka ba wanda ya kashe su. Da ba su san adadin ba, da ba su da abin riƙewa.

Ba jirgi mai saukar ungulu nake nema wa Maradi ba, ba kuma kyamara a bayan motar jandarma ba. Shari'a a ƙasar nan a bainar jama'a ake yin ta, kowa yana iya shiga ya zauna ranar da kotu ke sauraron ƙananan laifuffuka, sai dai babu mai zuwa in ban da dangin wanda ake tuhuma. Gidajen rediyonmu masu zaman kansu suna da sa'o'in gaishe-gaishe da tallan maganin gargajiya, kuma a cikinsu za a iya ware minti goma a mako a karanta da Hausa abin da kotu ta yanke a kan haɗurran hanya: inda haɗarin ya faru, abin da aka samu direban da shi, tarar da aka ci shi, tsawon lokacin da aka karɓe masa permi, da abin da kamfanin inshora ya biya magada, idan motar tana da inshorar. Ba sai an ambaci suna ba, kuma yara ƙanana dama doka ta kare su. Wannan na ƙarshen, wato kuɗin inshora, iyalai da yawa ba su ma san suna da haƙƙin nemansa ba, suna ɗauka takardar don a nuna a shinge kawai aka yi ta, kuma idan suka ce sun yafe sai su bar har abin da ba daga aljihun direban zai fito ba. Na san za a samu masu adawa, daga masu motocin haya da ba sa son a ji sunan layinsu, zuwa waɗanda suka saba kashe magana a waya kafin ta isa teburin alƙali. Wahalar farko da ɗan jaridar da ya ɗauki wannan aikin zai ci karo da ita ma ita ce wasu makonnin zai je kotu ya tarar babu shari'ar haɗari ko ɗaya a jerin na ranar, alhali a makon ya halarci jana'izar wanda mota ta buge, kuma wannan ma labari ne da ya kamata ya karanta a minti goman nasa.